Daga wankin noti zuwa yaye: yadda na koyi gyaran tirela da tarakta a Kano

Kanikancin manyan motoci ba shi da fom, ba shi da ranar buɗe makaranta, kuma babu mai zaunar da kai ya ce ga abin da za ka fara da shi, ga abin da zai biyo baya. Shi ya sa duk shekara, da an gama jarrabawar sakandare, ƙannena da 'ya'yan maƙwabta daga Kura suke damuna da tambaya: nawa ake biya, shekara nawa ake yi, ana ba da takarda ko sai dai albarka. Na ga gara in rubuta yadda tawa ta kasance, wanda ya ga abin ɗauka ya ɗauka. Ni a Kano na yi, amma abokan sana'ar da na haɗu da su daga Potiskum, Maraban Jos da Tafa duk labarinmu kusan ɗaya ne.

Kawuna direban tanka ne, ya daɗe yana lodi a defon Hotoro, don haka da na gama sakandare a 2017 karatun gaba bai samu ba, shi mahaifina ya damƙa wa maganar. Sai da muka yi ta zagaye a wajajen Mariri da Unguwa Uku da bakin baifas na gane cewa sana'ar kashi-kashi ce. Akwai mai inji, akwai mai giya da difaransha, akwai mai famfo da nozul wanda ba ya taɓa komai sai su, akwai riwaya mai harkar waya da kik da altaneta, ga mai birkin iska, ga mai sifirin, ga mai walda, sai tana mai injin sassaƙar ƙarfe. Mota ɗaya tana iya ratsa hannun mutum biyar kafin ta bar fili. Kawu ya ce in dai ina so in ci abinci a ko'ina, in fara da inji, sauran su biyo baya. Ya kuma ƙi garejin farko da muka shiga duk da mai wurin abokinsa ne. Da muka fito ya ce, "Ka ƙirga yaran wurin nan? Sun fi motocin yawa. Sai ka shekara ba ka riƙe sifana ba." Wanda ya zaɓa mini a ƙarshe dattijo ne da ya yi aiki a kamfanin haɗa motocin Fiat na Kano tun yana saurayi. Yaransa ba su da yawa, kuma a filinsa za ka ga DAF da MAN da Mack da Howo da tsofaffin Mercedes 911 a lokaci guda. Wannan cakuɗar ce ta ja hankalin kawu.

Ranar da aka miƙa ni, mahaifina ya zo daga gida, aka kira wani dattijo daga ƙungiyar kanikawa ta NATA reshen wurin ya zama shaida. Mun kai goro da alawa da ɗan kuɗin da maigida ya ce a ba da abin da ya sauwaƙa. Wannan ba shi da tsayayyen farashi: wani maigidan ba ya karɓar komai idan akwai sanayya, wani kuma yankewa yake yi. An nemi ƙananan hotuna da sunan wanda zai tsaya mini, aka rubuta ni a littafin ƙungiya, daga baya aka ba ni katin shaida. Kada ka raina katin nan. Ranar da aka tare ka da dare da batir ko kik a bayan babur, shi zai raba ka da zargin sata. Abin da kawu ya dage a kai shi ne a rubuta yarjejeniya. Maigida ya ɗan ɓata rai, ya ce, "Haba Alhaji, tsakanina da kai har sai an yi rubutu?" Kawu ya ce ai don zumuncin ya ɗore ne. Aka yago takarda daga littafin rasit, aka rubuta ranar farawa, da cewa za a duba maganar yaye bayan shekara huɗu, da wanda zai ɗauki nauyin magani idan na ji rauni, da cewa ba za a ɗora mini kuɗin abin da ya lalace a hannuna ba sai an zauna da kawu. Kowa ya sa hannu. Na san yaran da suka haura shekara takwas a wasu wuraren suna jiran yaye, don babu wanda ya tuna ranar da suka zo, ko kuma an ga damar mantawa.

Watannin farko ba su da daɗi, kada wani ya ruɗe ka. Ka riga kowa zuwa, ka share fili, ka fito da akwatunan kaya, ka ɗebo ruwa, ka sayo wa manya shayi da ƙosai. Sauran yinin kana tsugune gaban rabin duro kana wanke noti da boris da murfin bawul da gas, hannu ya tsattsage, farce ya yi baƙin da sabulu ba ya fitarwa. Da yamma a ba ka sallama, wata rana naira 200, wata rana 500, ranar da babu aiki kuma sai "Allah ya kai mu gobe". A shagon wani ɗan garinmu nake kwana. Abokaina da suka samu kwaleji suna ɗora hotuna a Facebook da fararen kaya, ni kuwa ko adaidaita sahu na tsayar sai direban ya kalli rigata ya ce drof zai ɗauka. Na sha yin niyyar tattara kayana. Babban yaron garejin, wanda muke kira Yaya, shi ya lura ina zumɓura baki, ya ce, "Kai ƙane, wankin nan shi ne ajin farko. Duk abin da ka wanke ka tambayi sunansa da inda ya fito." Kuma gaskiyarsa. Mital ɗin da ya cinye ta gefe ɗaya, fistin da ya ƙone a ka, boris da zafi ya mayar shuɗi, duk sai sun bi ta hannun mai wanki kafin a jefar, kuma kowanne yana faɗa maka abin da ya kashe shi. A nan na haddace sifanu, har ya zama in an ce 13, 17, 19, 24 ko 32 sai in miƙa ban duba lamba ba. Motocin Turai da na China milimita suke bi, tsofaffin Mack na Amurka da tsofaffin taraktocin Ingila kuwa inci ne, ka sa musu wadda ba tasu ba ka murje kan noti ka sha faɗa.

Kafin a bar ni in shiga ƙarƙashin mota, maigida ya yi mini huɗubar da yake yi wa kowane sabon yaro, kuma ita kaɗai ce darasin da ya taɓa zaunar da ni ya koya mini da baki. Ba a yarda da jak shi kaɗai, sai an jera katako mai kauri an tokare tayoyi. Idan an tuntsurar da kan mota gaba don a kai ga inji, ko an ɗaga bodin tifa, sai an sa ƙarfen tokari kafin kowa ya zura kai. Tukunyar birkin baya, wadda ke kama mota idan iska ta ƙare, akwai murɗaɗɗen sifirin mai ƙarfin gaske a cikinta, wanda ya kwance ta bai ɗaure shi ba fuskarsa zai samu. Ba a buɗe murfin lagireto inji na tafasa. Ba a tara hannu a bakin nozul don a ga ko yana feshi, don man yana huda fata ya shiga nama, kuma ciwon ba ya nuna muninsa sai daga baya. Batir biyu ne masu bolt 12 aka haɗa suka ba da 24, sifana ta haɗa kawunansu sai ta yi jawur a hannunka. Duk dokar da ya faɗa sai ya haɗa ta da wani da ya sani, wane ya rasa yatsu, wane bodi ya danne shi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Abin da bai faɗa ba, don shi ma bai damu da shi ba, shi ne takalmi. Yawancinmu da silifas muke yawo tsakanin ƙarafa masu nauyin mutum. Kuɗin sallamar da na fara tarawa takalmi mai ƙarfe a baki na saya a gwanjo.

Aikin farko da aka sakar mini shi ne juye, wato canjin baƙin mai, da canjin filta, kuma a nan na fara sanin halin injin gas. Shi ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska har ta koma kamar kashi ɗaya cikin 16 ko 17 na yadda ta shigo, ta ɗau zafin da in nozul ya fesa mai sai ya kama da kansa. Tunda komai a kan matsi yake, iska 'yar kaɗan a layin mai ta isa ta hana tirela mai ɗaukar tan 30 tashi. Fitar da iskar nan ita ce jarrabawar kowane yaro: ka fara da ƙaramin famfon hannu, ka sassauta notin kan filta har kumfa ta ƙare mai ya fito zalla, ka matsa zuwa babban famfo, in ta kama ka sassauta bututun nozul a buga kik. A kan Mercedes 911 na koya, mai silinda shida, babu turbo babu kwamfuta, komai a fili kana gani. Maigida yana cewa wanda bai iya ta ba kada ya taɓa DAF. Shi ya ba ni labarin zamanin da ake haɗa manyan motoci a gida, Mercedes a Enugu, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, kamfanonin da gwamnati ta kafa da haɗin gwiwar Turawa a shekarun 1970. Da yawa daga dattawan da ke riƙe da garejoji masu tsari can suka samu horo, ko a hannun waɗanda suka samu. Ranar da muka buɗe injin Howo dariya ya yi, ya ce wannan ai Steyr ce ta sake riga, kuma haka ne, don tun a shekarun 1980 China ta sayi fasahar injin daga Steyr ta ƙasar Ostiriya.

Abin da ya bambanta maigida da wasu, ba ya ɗaukar sifana da wuri. Mota ta shigo, sai ya sa a kawo wa direba ruwa, ya yi ta tambaya: a ina ka sha mai na ƙarshe, tun yaushe ta fara, da lodi take yi ko ba lodi, a hawa ko a gangara, wa ya taɓa ta kafin ni. Sannan ya sa a tayar, ya koma baya ya kalli salansa. Baƙin hayaƙi, mai ya fi iska yawa, sai a fara da filtar iska wadda ƙurar hunturu ke toshewa, sannan turbo, sannan nozul. Shuɗi, tana shan baƙin mai, ko ta ringi ko ta turbo. Fari mai yaji a ido, gas ne bai ƙone ba, ko taimin ya goce ko matsi ya ragu. Fari mai kama da tururi kuma ruwa na raguwa a lagireto, a zargi gaskit. Idan inji na rawa sai ya sassauta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya, wanda aka sassauta ƙara ba ta canza ba, silindar nan ce ba ta aiki. Duk wannan kafin mai mota ya kashe ko kwabo. Na ga inda aka sauke inji gaba ɗaya alhali tiyo ne ya tsage yana zuƙar iska. Ba koyaushe mugunta ba ce, sau da yawa rashin sanin inda za a fara ne, sai a fara da babba tunda shi ke kawo kuɗi. Abu ɗaya da ban bi dattawa a kai ba shi ne cire tamostat da zarar mota ta zo, wai ƙasarmu da zafi. Injin da bai kai zafinsa ba ya fi shan mai kuma ya fi saurin cinye ringi, in tana tafasa a nemi dalilin a lagireto ko famfon ruwa ko fambel.

A shekara ta biyu aka fara sa ni cikin babban aiki, a sauke inji a wargaza shi har karanshaf. Nan ne kanikawa suka rabu biyu, masu awo da masu kintace. Karanshaf sai an kai wa tana ya auna ya rage, ya faɗa maka mital ɗin da za ka sayo, na milimita 0.25 ne ko na 0.50. Tof, wato kan inji, a duba ko ya lanƙwashe. Ringi a zura shi a silinda a auna giɓin bakinsa, kuma kada a jera giɓin a layi ɗaya. Notunan tof daga tsakiya ake fara ɗaurewa ana fita waje, zagaye bayan zagaye, da sifana mai awo, ba da dogon bututu da ƙarfin ƙato ba. Inji mai silinda shida a jere 1-5-3-6-2-4 yake tashi, sai ka san wannan kafin ka saita bawul. Babu wanda zai karanta maka waɗannan lambobin, jin su za ka yi suna wucewa tsakanin manya. Na sayi ƙaramin littafi mai bangon roba ina rubuta duk wadda na ji, ina kuma ɗaukar hoto da waya kafin a kwance komai. Suka sa mini suna Malam Boko. Ba a daɗe ba su ne ke cewa, "Malam, duba mana littafin nan."

A wannan matakin ne kuma aka fara aike na Ƙofar Ruwa da Sabon Gari sayen kaya. Kaya iri uku ne, sabo na kamfani, ɗan Beljiyam da aka ciro daga wata motar, da jabu a cikin kwali mai kyau. Ka tafi da tsohon a hannu, ka tafi da lambar inji ba sunan mota kawai ba, ka karɓi rasit, ku yi magana a kan mayarwa kafin ka biya. Mai shago zai tambaye ka nawa zai rubuta. A nan yara da yawa suke tuntuɓe, don masu motoci su ma suna shiga kasuwar, kuma ranar da aka gane ka ɗora, sunan ya bi ka ke nan har garejin da za ka buɗe. Bayan kasuwa sai kiran hanya: tirela ta mutu da lodin shanu daga Maigatari ko hatsi daga Dawanau, can tsakanin Zariya da Kaduna, kuma shanu ba sa jiran gari ya waye. Ka haɗa sifanu da tocila da filta da tiyo da waya ka hau mota. Ranar da maigida ya tura ka irin wannan kai kaɗai, to ya fara yarda da kai, ko da bakinsa bai faɗa ba.

A watan Afrilun 2020 aka kulle Kano saboda korona. Aiki ya ja baya, sallama ta ɗauke, na koma gida Kura ana shirin damina. Yankinmu, har Bunkure da Garun Malam, noman Kadawa ne, da ruwan dam ɗin Tiga da aka gama a 1974, don haka tarakta ba ta hutawa rani da damina. Akwai wani bakanike a garin da ba ya taɓa komai sai tarakta, kuma yana neman mai hannu. Ban shiga wurinsa kai tsaye ba. Na faɗa wa kawu, ya kira maigida, sannan ni ma na kira na ce, "Baba, ina neman izini." Ya ce, "Je ka, inji inji ne, amma ka dawo." Wannan izinin ba al'ada ce kawai ba. Yaron da ya sauya wuri babu sallama, ƙungiya ba ta sa masa hannu a takardar yaye, kuma wani maigidan ba zai karɓe shi ba. Daga wannan shekarar na raba lokacina, farkon damina da shukar alkama ina Kura, sauran ina Kano.

Injin tarakta bai ba ni wuya ba. Yawancinsu Massey Ferguson ne, 375 da tsofaffin 135 da 165, da injin Perkins, sai ɗaiɗaikun Mahindra da John Deere da New Holland. Mai silinda huɗu 1-3-4-2 yake tashi, giɓin bawul milimita 0.30 in ya huce. Abin da ke bayan injin ne sabon karatu. Tarakta ba ta da shasi, inji da giya da aksul ɗin baya su ne gangar jikinta, don haka canjin kuloci yana nufin a raba ta gida biyu a tura gaba daban baya daban. Kafin a raba sai an cusa katako tsakanin aksul ɗin gaba da jiki ta kowane gefe, in ba haka ba inji ya kife a kan wanda ke kusa. Kulocin ma hawa biyu ne, rabin taki yana yanke tafiya, taki har ƙasa yana yanke sandar baya mai juya masussuka da famfon ban ruwa, wadda ke zagaye 540 a minti. Sandar nan ba ta san babbar riga ko rawani ba, in ta kama ba ta saki. Sai hannuwa uku masu ɗaga garma, tsarin da Harry Ferguson ya ƙirƙiro. Liba biyu ce ke sarrafa su, ɗaya tana tsayar da garma a tsayin da ka ajiye ta, ɗaya tana ɗagawa da saukewa da kanta gwargwadon taurin ƙasa. Direbobi da yawa ba su san bambancin ba, sai a kira ka wai famfo ya mutu, ka je ka tarar liba ce a inda bai kamata ba. Kuma mai ɗaya ne giya da aksul da famfon ɗagawa suke sha, don haka in an ce ba ta ɗaga garma, a fara duba yawan man da launinsa da rariyarsa kafin a buɗe famfo. Taɓon shinkafa yana cin sil, ruwa ya shiga, mai ya koma fari. Sabis ɗinta da awa ake lissafawa ba da kilomita ba, juye wajen kowace awa 250, amma rabin waɗanda na gani agogonsu ya daɗe da mutuwa.

Abin da ya fi ƙarfe wuya a aikin tarakta shi ne lokaci. Ruwa ya sauka, kowa yana son huɗa a mako guda, mai tarakta ya riga ya karɓi kuɗin mutane, ga ta ta tsaya a tsakiyar gona. Can za ka same ta a babur, babu inuwa babu bene, ka shimfiɗa buhu don kada noti ya faɗa ƙasa, manoma sun kewaye ka kowa yana tambaya ko za ta tashi yau. Masu haya kuma bin ruwa suke yi, su fara daga Neja da kudancin Kaduna su gangaro Kano da Jigawa, wani lokaci har da bakanikensu. Kuɗin ya fi na gareji, sai dai a sani cewa wani sai kaka zai biya, wani ma da buhun shinkafa.

Shekarar 2022 ta sauya aikin. Litar gas da ba ta kai naira 300 ba a farkon shekara ta haura 800 kafin ƙarshenta, sai gurɓataccen mai ya cika jarkoki a bakin hanya, mai ruwa, mai datti. Famfo da nozul suka yi ta mutuwa. Na roƙi maigida ya bar ni in riƙa zama wurin mai famfo in aikinmu ya yi sauƙi, na ga yadda ake gwada feshin nozul da yadda ake daidaita famfo a kan injin gwaji. A lokacin kuma motoci masu kwamfuta suka yawaita. Su ba a sassauta musu bututu inji na aiki, don matsin man ya ninka na iskar da ke cikin tayar tirela sama da sau 150, kuma ciwonsu sai an jona na'ura ta karanto lamba. Maigida bai ɓoye ba, ya ce, "Wannan zamaninku ne, ni na gama nawa." Riwaya ya koya mini amfani da mita, ɗan Turancin sakandare ya taimake ni karanta littattafan gyara a waya, bidiyoyin kanikawan Pakistan da Indiya a YouTube su ma sun yi rana. Duk yaron da zai shigo yanzu yana ganin karatu ba ruwansa da kanikanci, tsofaffin motoci kaɗai zai iya, su kuwa ƙarewa suke yi.

Da shekara huɗu ta cika kawu ya zo da takardar yarjejeniyar nan. Maigida ya ce lokacin kulle da wanda na yi a Kura ba sa cikin lissafi, aka ja aka saki, aka tsaya a kan ƙarin shekara guda, aka rubuta a bayan takardar. Kafin yaye ya ba ni injin DAF ya ce in wargaza in haɗa, babu mai sa mini baki. Da ta tashi bai ce komai ba, sai ya sa aka kira kawu. Bikin ya faɗo farkon 2023, ana tsakiyar ƙarancin takardun naira, muka sha wahalar haɗa kuɗin shinkafa da lemo da hayar kujeru, da shaddar maigida, da kuɗin ƙungiya, da na buga takardar yaye. Aka yi addu'a, dattawa suka sa albarka, maigida ya ba ni saitin sifanu. Na ga waɗanda suka ci bashi suka kira makaɗa, washegari suna aron filaya. Gara a taƙaita biki a sayi soket da sifana mai awo da jak.

Takardar yaye tana da daraja a tsakanin kanikawa, amma da wani kamfanin gine-gine ya nemi masu gyara, abin da suka tambaya shi ne tiret tes, wato shaidar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Mataki uku ce, ana farawa da na uku, na ɗaya shi ne babba. Na je ofishinsu a sakatariyar tarayya da ke titin Katsina da katin NIN da ƙananan hotuna da wasiƙar maigida mai nuna shekarun da na yi. Aka ba ni fom, na biya ta Remita a banki, na yi kwafin rasit kafin in miƙa. Kuɗin yana canzawa, don haka a tambaya a ofis kada a dogara da jita-jitar gareji. A kula da sunan sana'ar da za a rubuta, ya zama ya nuna injin gas ne, don abin da ke kan takardar shi kamfani zai gani. Ranar gwaji na tafi da faɗuwar gaba, sai na tarar tambayoyin abubuwan da nake yi kullum ne, bugu huɗu na inji, dalilan tafasa, fitar da iska, saita bawul, sai dai ana so ka faɗi dalili ba ka nuna da hannu kawai ba. Takardar ba ranar take fitowa ba, sai an bar lambar waya an yi haƙuri. Akwai masu yawo a garejoji suna cewa ka kawo kuɗi da hoto su kawo maka har gida ba gwaji. Kada ka ba su. Manyan kamfanoni suna tantancewa, kuma za su sa ka a gaban inji ranar ɗaukar aiki.

Ba sai an yaye mutum zai nemi matakin farko na tiret tes, wato na uku, ba. Yaron da ya yi shekara biyu zuwa uku ya nemi wasiƙar maigida ya je, kafin yaye ya hau na gaba. Mai son ƙari akwai jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar sana'o'i da fasaha, ta watan Nuwamba da Disamba ga waɗanda ba sa makaranta, kuma hukumomin gwamnati masu koyar da sana'a, ITF da NDE, sukan buɗe horo, a riƙa leƙa ofisoshinsu. Lasin tuƙi ma a neme shi, don ba ka gama gyara ba sai ka gwada, kuma na tarakta daban na tirela daban. Ga iyaye kuwa, kada a kai yaro a manta da shi. Zuwan kawu lokaci-lokaci da ɗan goro ya sa maigida ya san akwai mai bin sawuna. Wanda ya fi son tarakta ya zo a watan Maris ko Afrilu, lokacin da ake fito da su a yi musu sabis kafin ruwa ya sauka. In ya bari sai Yuni, babu mai lokacin yi masa bayani.